Mu Tara Ne

"Sake bugawa," in ji Kaka Gittel. "Yana nan zaune kusa da wayar, na san halinsa. Jira yake in gaji."

Na sake danna lambobin. Wayar irin ta dā ce, mai murɗaɗɗiyar igiya wadda tsufa ya mayar da ita ruwan ƙasa. Tun da sanyi ya fara shigowa yatsun Kaka suka daina yi mata biyayya, saboda haka ita ke faɗo lambar da ka, ni in danna, sannan in riƙe mata kan wayar a kunne. Ranar Juma'a ce da hantsi, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonta.

Can aka ɗauka.

"Halpern! Gittel ce. A'a, ban mutu ba, rage murna. Gobe Asabar." Ta saurara tana harara sama. "Gwiwa? Kowa yana da gwiwa, har guda biyu. Mu tara ne, Halpern. In ba ka zo ba mu tara ne, kuma alhakin yana wuyanka."

Daga bakin ƙofa aka ce, "Mu? Ke da wa, Mama?"

Shifra ce, 'yar Kaka ɗaya tilo, tana tsaye da kofin magani a hannu. Ta haura hamsin, furfura ta fara cin gaban kanta, malamar makaranta ce a Manhattan. Ta ɗauki hutu ta dawo jinya, amma tun da ta dawo ban ga rana ta faɗi ba tare da sun yi sa-in-sa ba.

"Su tara ne," in ji Shifra. "Ke ba kya ciki. Ba ki taɓa shiga ciki ba."

Kaka ta yi mini alama in kashe wayar. Ta dubi 'yarta sama da ƙasa.

"Allah ya iya lissafi, ba ya buƙatar malamar makaranta. Salimale, buga wa Pinsker."

Haka take kirana. Sunana Salima, amma ta ce a yarensu in ana son mutum sai a ƙara wa sunansa ɗan jela. Ni kuma na ce mata a yarenmu tsohuwa irinta Kaka ce. Muka yi musaya, kowa ta tafi da riba.

Ƙofarmu da tata suna kallon juna a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Morris Heights. Lokacin da mijina Mahamudu ya ɗauko ni daga Kano, ban san kowa ba a Bronx. Shi yana can filin jirgin JFK yana jiran fasinja da tasinsa, ni ina ɗaki da littattafan da nake arowa daga laburare, ina karanta soyayyar mutanen da suka mutu shekaru ɗari da suka wuce, ina yi musu kuka kamar dangina. Wata Asabar aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, na ga 'yar tsohuwa da ɗankwali, tsayinta bai wuce kafaɗata ba.

Ta ce, "Gidana da sanyi."

Na ce, "Ayya, sannu."

Ta ƙara cewa, "Da sanyi ƙwarai." Ta tsaya tana kallona.

Sai da Mahamudu ya dawo ya yi ta dariya ya warware mini. Ranar Asabar Bayahude mai riƙo da addini ba ya kunna wuta, ba ya kashewa, kuma ba ya ce wa wani kai tsaye ya kunna masa. Sai dai ya yi shaguɓe. Na ce ashe Bahaushiya ce ba ta sani ba. Tun daga ranar, in ta ce ɗaki da duhu sai in miƙe, in ta ce da zafi sai in miƙe. Ita kuma ta koya mini miyar kaza mai ɗauke mura, ta kuma gaya mini gaskiya a kan littattafaina: wai duk namijin da ya iya magana kamar na cikin littafi, a binciki aljihunsa.

Unguwar nan, in ji ta, dā ta Yahudawa ce tun daga tashar jirgin ƙasa har bakin kogi. Suka watse. Yanzu shagon da take sayen burodi tana amarya ya zama na wata 'yar Kumasi mai sayar da wake da shinkafa. Abin da ya rage musu shi ne wani ɗan ɗakin ibada a ƙasan wani gini, suna ce masa shul, da tsofaffin maza goma cif. Kuma goma ɗin nan ita ce komai. In maza ba su cika goma ba, ba a buɗe babban littafi, ba a yin addu'ar jam'i, ba a yi wa mamaci addu'ar da suke kira Kaddish. Mace ko ta kai ɗari ba ta shiga lissafi.

Sau ɗaya na shiga wurin, wata Asabar da Kaka ta ce shul da sanyi. Na kunna musu na'urar ɗumama ɗaki, na zauna kusa da ita a bayan wani labule mai ruwan toka. Kujeru sun kai ashirin a ɓangaren mata, ita kaɗai ce a kai. Ita ta wanke labulen, ita ta goge benci, ita ta soya kifin da za su ci in an tashi. Ta tsagar labulen na hango Mista Pinsker, dattijon da ke jan ragamar wurin, yana nuna maza da yatsa yana wata magana.

Na raɗa mata, "Me yake cewa?"

"Ƙirga su yake. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba."

"Kamar yaya ba ɗaya ba?"

"Ba a ƙirga mutane kai tsaye, Salimale. Mutuwa tana da kunne. In ta ji lamba sai ta zo ta rage."

Ya kai ba goma ba, ya tafa hannu. Kaka ta saki ajiyar zuciya, ta jingina, fuskarta ta yi haske kamar ta manomin da ya ga rumbunsa ya cika.

Wannan kuwa tun tana iya sauka bene ne. Zuwa wannan Juma'ar da nake ba ku labari, ciwon ya riga ya cinye ta, likitoci sun sallamo ta gida, nas tana zuwa da safe ta tafi.

Bayan mun gama buga wa dukkan goman, Kaka ta yi barci. Na sami Shifra a kicin tana wanke kofin da ya riga ya wanku.

"Kina ganin ina takura mata, ko?" in ji ta, ba ta juyo ba.

Na ce, "Tsakanin uwa da 'ya ai ba a shiga."

Ta rufe famfo. Ta ce tana da shekara goma sha tara babanta ya rasu, cikin hunturu. A zaman makokinsa, wata rana ƙanƙara ta toshe tituna, maza tara suka iso. Suka zauna suna duba agogo. Ita kuwa ta fi rabinsu iya karatun, don babanta ya koya mata tun tana ƙarama, da yake ba shi da ɗa namiji. Sai ta miƙe ta ce, ga ni, ku ƙirga da ni.

"Ba wanda ya yi mini tsawa, Salima. Da ma sun yi. Kallon bango suka yi kamar kujera ce ta yi magana. Sai na ji an ja hannun rigata ta baya. Mama ce. Ta ce, zauna, kada ki kunyata ubanki."

Daga nan ta bar unguwar. Ta sami wani shul a Manhattan inda mace ke shiga lissafi, har ta ja addu'a. Kaka ba ta taɓa taka ƙafarta can ba.

Ban san sa'ad da na fara ba ta nawa labarin ba. Na ce ranar da mahaifina ya rasu a Kano, ina bayan ƙofar zaure na leƙa ta tsaga na ga an ɗaga makara. Maƙwabta, da 'yan kasuwa, da wani mai gyaran keke da ko sunan Baba bai sani ba, duk suka bi shi. Ni da na yi wata uku ina juya shi a kan gado, iyakata bakin zaure. Ban taɓa cewa ba daidai ba ne, har yau ban ce ba, haka na taso na gani. Amma har yau in na rufe ido, ƙafafun mutane nake gani suna tafiya da shi.

Shifra ta miƙo mini tsumman goge hannu, don ba ta sami abin share hawaye kusa ba. Muka yi dariya, muka ci gaba da kuka.

Kwana kaɗan bayan haka Kaka ta kira mu, mu biyu. Muryarta ta zama kamar takarda.

"Shifra, in na tafi, kada ki kwaso mini baƙi daga Manhattan su yi mini addu'a. A nan nake so, a falona, da mutanena."

"Mama, mutanenki ba za su bar ni in buɗe baki ba. A can zan iya yi miki Kaddish kullum, ba mai hana ni."

"Ki yi a can in kin koma, wannan ruwanki. Amma na farko a nan. Yi mini alkawari."

Shifra ta gyara mata bargo. Sannan ta ce, "Na yi."

"To. Salimale, Pinsker."

Na danna, na riƙe mata.

"Pinsker, saurara, ba ni da numfashin gardama. Ba ni da ɗa namiji, ka sani. In kun cika goma, Shifra za ta yi mini Kaddish." Aka yi magana mai tsawo a can. "Daga bakin ƙofar kicin, ba a tsakiyarku ba. Kai ka faɗa da ƙarfi, ita ta bi ka. Na tambaya, akwai malaman da suka yarda." Aka sake magana. "Shekara hamsin kana cin kifina, Pinsker. Ka taɓa jin na roƙe ka wani abu?"

Da na ajiye wayar, Shifra tana tsaye kamar an dasa ta.

"Mama..."

"Kada ki yi mini kuka a kan bargo, jiya aka wanke shi."

Ta rasu ranar Litinin da safe, rana ta fito sosai, motar shara tana ƙugi a ƙasa. Ina ba ta ruwa da cokali, Shifra tana riƙe da ƙafarta. Ta buɗe ido ta dubi taga, inda haske ya cika har yana kashe ido, ta ce, "Ɗakin nan da duhu."

Na miƙe da gudu na kunna fitila, kamar yadda na saba. Da na juyo, Shifra ta riga ta sa hannu tana rufe mata ido.

Na karanta mutuwa iri-iri a littattafai, wadda ake jawabi, da wadda ake yafe wa juna, da wadda ruwan sama ke sauka daidai lokacin. Ba wanda ya gaya mini cewa bayan ran ya fita firji zai ci gaba da gurnani, kuma cokalin zai kasance a hannunka ba ka san inda za ka ajiye shi ba.

Ba sa jinkirta gawa, kamar mu. Mata suka yi mata wanka, aka sa ta a farin likkafani, washegari aka kai ta. Maƙabartar tana da nisa, ga iska, tsofaffi huɗu kawai suka iya zuwa, saboda haka ba a yi Kaddish a bakin kabari ba. Mista Pinsker ya riƙe hannun Shifra ya ce ta kwantar da hankalinta, da yamma a gida za su cika.

Ni na zauna na shirya gidan yadda Shifra ta nuna mini. Na rufe madubai da zannuwa. Na dafa ƙwai. Na ajiye buta da ruwa a bakin ƙofa don masu dawowa su wanke hannu. Da suka dawo ta kunna wata doguwar kyandir a cikin gilashi, wadda za ta yi kwana bakwai tana ci, ta zauna a kan 'yar guntuwar kujera, wuyan rigarta a yage ta gefen zuciya, alamar makoki a al'adarsu. Ƙawayenta uku daga Manhattan suka biyo ta, amma ta ce musu yau ba ranarsu ba ce, suka shige kicin suna yanka burodi.

Da la'asar tsofaffin suka fara hawowa, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana haki yana tsine wa liftar benen da ta lalace. Kujeru suka kasa. Na leƙa gidanmu na ce wa Mahamudu, "Malam, taimaka mana da kujeru."

"Na masallaci za su yi? Ko akwai wata doka?"

"Kujera ai ba ta da addini. Yi sauri."

Addu'ar tasu ta yamma dole a fara ta kafin rana ta faɗi, rana kuwa ta riga ta sauko kan rufin ginin da ke fuskantarmu. Shifra ta tashi ta tsaya a bakin ƙofar kicin, daidai inda uwarta ta ce, ƙafafunta ba takalmi, ɗan littafi a hannunta. Na tsaya a bayanta. Ina jin numfashinta.

Mahamudu ya shigo da kujeru huɗu a hammata, ya jera su. Da ya ga mutane sun miƙe tsaye sun yi tsit, sai kunya ta hana shi ratsa su ya fita. Ya ja baya ya tsaya jikin bango, ya harɗe hannuwa, ya sunkuyar da kai, kamar yadda ɗan mutunci ke yi a gidan makoki. Baƙar rigar sanyi ce a jikinsa, ga gemu, ga 'yar hular saƙa a tsakar ka, kusan irin wadda tsofaffin ke sawa.

Mista Pinsker ya ɗaga yatsa. Yanar ido ta daɗe da cin idanunsa, mutum a wurinsa inuwa ce mai hula ko marar hula.

"Ba ɗaya ba. Ba biyu ba. Ba uku ba."

Ni ma ina bi a zuci. Ba bakwai ba. Ba takwas ba. Ya nuna ƙirjinsa, ba tara ba. Na riga na ga abin da babu: Halpern bai zo ba.

Yatsan ya yi yawo a iska, ya wuce kabad, ya wuce fitila, ya tsaya a jikin bango.

"Ba goma ba!" Ya tafa hannu. "Kun gani? Allah ya aiko wa Gittel baƙo. Sannu da zuwa, ɗan'uwa, sannu da zuwa!"

Mahamudu, da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya dafa ƙirji ya rusuna.

Sauran tsofaffin sun san shi sarai. Rabinsu shi ke kai su asibiti. Na ga ɗaya ya buɗe baki, ya dubi taga, ya dubi Shifra, ya rufe. Wani ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Mista Pinsker ya buɗe littafinsa ya gyara murya.

Na ji jikin Shifra ya motsa. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Abin da na sani kawai, ga rana tana faɗuwa, ga abin da matar nan ta jira shekara talatin da wani abu ya zo har bakin ƙofa, ga alkawarin Kaka, kuma ba wanda zai cutu. Na miƙa hannu na kama hannun rigarta, na ja.

Ta juyo. Ba fuskata ta kalla ba, hannuna ta kalla, yatsuna a kan yadin. Ta daɗe tana kallo.

Na saki kamar na taɓa garwashi.

"Mista Pinsker," in ji ta, da muryar aji. "Dakata. Wannan Mahamudu ne, mijin Salima. Shi ya kai ka wurin likitan ido watan jiya."

Dattijon ya matsa, ya matsa, har hancinsa ya kusa taɓa gemun mijina.

"Mahamudu?"

"Ni ne, Baba. Kujeru na kawo." Ya dube ni yana neman agaji, sannan ya dubi ɗakin. "Amma in mutum ake nema, ga ni, zan tsaya. Kaka ai uwa ce a wurina. Ba sai na ce komai ba."

Wani tsoho ya yi 'yar dariya, ta maƙale masa a wuya ta zama tari. Mista Pinsker ya dafa kafaɗar Mahamudu.

"Kai mutumin kirki ne, ɗana. Amma ba haka abin yake ba."

"To sake ƙirgawa," in ji Shifra.

"Shifrale..."

"Sake ƙirgawa, Mista Pinsker. Akwai Yahudawa goma sha uku a gidan nan. Ƙirga a hankali."

Ƙawayenta sun ajiye wuƙaƙe sun tsaya a bayanmu. Dattijon ya ɗaga yatsa. Ba ɗaya ba. Ba biyu ba. Wannan karon kowace lamba sai da ya ja ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Ya kai kansa, ba tara ba. Yatsan ya juya a hankali ya nufi ƙofar kicin, ya tsaya a iska, saitin yagaggen wuyan rigar.

Ban taɓa addu'a a kan yatsan wani ba sai ranar.

Yatsan ya lanƙwashe. Hannun ya sauka.

"Ba zan iya ba," in ji shi, hawaye suna bin ramukan fuskarsa. "A kan cinyata kika zauna kina cin alewa, na san kin fi mu karatu. Ba ni na kafa ba, Shifrale, tarar da shi na yi. In na ƙirga ki, uwarki ce za ta fara tasowa ta mare ni."

Shifra ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka. "Na sani," in ji ta. "Da hannun hagu ma, don ya fi zafi."

Can daga kusurwa wani ya ce, "To wai ina Halpern?"

"Wa ya kira shi?"

Suka dubi juna.

"Ni dai Gittel ke kirana," in ji mai tarin. "Saboda ina da mantuwa."

"Kai ma? Ni ta ce mini ni ne na goma, in ban zo ba shi ke nan."

"Ni ma haka take ce mini. Kowace Juma'a."

"Ni ma."

Tara sun zo don suna kusa, labari ya same su a titi. Halpern yana can saman tudu shi kaɗai, ba mai kai masa labari sai waya, wayar kuwa tana kan teburin gefen gado, ba wanda ya taɓa ta tun da Kaka ta rasu.

Suka yi addu'arsu kowa a ransa, suna rangaji gaba da baya. Da suka iso inda Kaddish take, sai suka tsaya. Ba su faɗa ba, ba su kuma wuce nan take ba. Suka bar mata gurbinta a buɗe. Cikin wannan shirun jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya wuce a kan gadarsa, tagogi suka yi ɗan kaɗawa, hasken da ke kan rufin ginin can ya janye. Shifra tana tsaye a bakin ƙofa, littafin a buɗe, leɓɓanta a rufe.

Da suka fara sauka, kowa ya tsaya gabanta ya faɗi kalmomin ta'aziyya, ba mai iya haɗa ido da ita. Na raka Mahamudu waje da kujerun. A bakin ƙofarmu ya cire hular ya juya ta a hannu.

"Hula fa, Salima," in ji shi ƙasa-ƙasa. "A bakin titi na saye ta a Harlem." Ya cusa ta a aljihu. "Ki ce mata gobe ba ni da aiki da yamma. Tsohon nan mai gwiwa, ko goya shi ne zan yi."

Na koma. Ƙawayen suna kicin suna wanke-wanke. Shifra ta koma kan guntuwar kujerarta kusa da kyandir. Na durƙusa a gabanta, na rasa ta inda zan fara ba da haƙuri a kan hannun rigar.

Ta riga ni. "Kin san lambar Halpern?"

"Ban san ta da ka ba," na ce. "Amma ina jin yatsuna sun sani."

Na shiga ɗakin Kaka. An cire zanin gado, katifar tana nan tsirara da ɗan lotsawa a tsakiya, daidai girmanta. Na ɗauko wayar, na jawo ta har falo iyakar inda igiyar bango ta ƙare. Na rufe ido na danna. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

"Sake bugawa," in ji Shifra. "Yana kusa da ita."

Na sake. Aka ɗauka. Na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu.

"Mista Halpern? Shifra ce, 'yar Gittel." Ta saurara. "E. Wannan karon ta mutu." Sai aka ji wata ƙara a can kamar kukan yaro. Ta jira shi har ya gama. "Gobe da yamma, a gida. Gwiwa? Akwai mota, za a zo har ƙofa a ɗauke ka."

Ya ce wani abu. Ta buɗe baki.

"Su..."

Ta tsaya. Ta dubi madubin da na rufe da zani, ta dubi kujerun da babu kowa a kai. Ta sa yatsa ta naɗe igiyar wayar a kansa, kamar yadda na sha ganin yatsan Kaka yana yi a dā.

"Mu tara ne, Mista Halpern," in ji ta. "Mu tara ne."

Igiyar ta miƙe tun daga ɗakin Kaka har inda take zaune, tana ɗan lilo a tsakanin ƙofofin biyu. Duhu ya fara shiga falon. Ba wanda ya ce mini ɗaki da duhu, ni ma ban tashi na kunna fitila ba. Kyandir ɗin tana ci a cikin gilashinta.